RANGWAME A LOKACIN GASAR KAMFANONI: DARASI DAGA RIKICIN FAIFAN HD DVD DA BLU-RAY

A ranar Jumma'a, 2 ga watan Nuwamba na shekarar 2007, manyan kantunan Walmart na ƙasar Amurka suka fitar da wata na'urar kunna faifan majigi ta kamfanin Toshiba a kan kuɗin da bai cika dala 100 ba. Shekara ɗaya da rabi kafin wannan rana, na'ura ta farko irinta dala 499 ake sayar da ita. Kantunan Best Buy su ma suka karya farashi nan take don kada a bar su a baya. Jama'a suka yi dafifi, kuma an ba da labarin cewa a cikin 'yan kwanaki kaɗan an sayar da wajen na'ura 90,000.

Duk da wannan araha, akwai magidanta da yawa da suka tsaya gaban kaya suna ta saƙe-saƙe, kuɗi na aljihu amma hannu ya ƙi fita. Dalili kuwa shi ne na'urar faifai iri ɗaya take kunnawa daga cikin sababbin faifai iri biyu da ke gasa a kasuwa, kuma kowa ya san ɗaya daga cikinsu zai mutu. Abin da ba a sani ba shi ne wanne. Wannan darasi zai bi diddigin lissafin da ya kamaci irin wannan mai saye ya yi, da yadda al'amarin ya kaya masa a ƙarshe.

Asalin Rikicin

Faifan DVD, wanda ya fara fita a Japan a 1996, yana nuna hoto mai layuka 480 ko 576 daga sama zuwa ƙasa. Sa'ad da manyan akwatunan talabijin masu faɗi suka yawaita, waɗanda ke iya nuna layuka 1080, sai hoton DVD ya fara yin dishi-dishi a kansu. Hoto mai kaifi yana bukatar wurin ajiya mai yawa, alhali shimfiɗa ɗaya ta faifan DVD gigabayit 4.7 kawai take ɗauka.

Masana suka samo mafita a cikin launin haske. Na'urar DVD tana karanta faifai da jan hasken leza, mai tsawon zango nanomita 650. Shuɗin hasken leza kuwa nanomita 405 ne, watau bakinsa ya fi tsini, kamar yadda alƙalami mai siririn baki ke cika allo da rubutun da mai kauri ba zai iya ba. Da wannan haske kamfanonin biyu suka yi aiki, amma kowa ya bi hanyarsa.

Toshiba da NEC suka fito da HD DVD. Sun bar rubutun faifan a zurfin milimita 0.6 daga fuskarsa, daidai da na DVD, domin masana'antun da ke buga DVD su iya komawa buga sabon faifai ba da kashe kuɗi mai yawa ba. Shimfiɗa ɗaya tana ɗaukar gigabayit 15, biyu kuma 30. Sony da Philips da Panasonic da abokan tafiyarsu suka fito da Blu-ray. Su sun matso da rubutun kusa da fuskar faifai, milimita 0.1 kacal, suka sami gigabayit 25 a shimfiɗa ɗaya, 50 a biyu. Amma wannan ya tilasta a kafa sababbin injunan bugawa, a kuma shafa wa faifan wani tauri don kada ƙarzuwa ta lalata shi. Saboda haka ɗaya ya fi araha, ɗaya ya fi ɗaukar kaya. Idan aka kunna su gefe da gefe a kan talabijin mai kyau, da wuya idon mutum ya bambanta hotonsu.

An zauna a 2005 don a haɗa kai a kan faifai guda, zaman ya watse ba a daidaita ba. Abin takaici a nan shi ne waɗannan kamfanoni sun taɓa yin irin wannan sulhu. A 1995 Sony da Philips suna da nasu faifai, Toshiba da Warner suna da nasu, aka matsa musu lamba suka haɗe, daga nan aka haifi DVD, wanda ya karɓu a duniya cikin hanzari. A karo na biyu ladar mallakar fasaha ta yi yawa a idon kowa, domin duk wanda tsarinsa ya yi nasara zai riƙa karɓar kamasho a kan kowace na'ura da kowane faifai shekara da shekaru. Babu wanda ya yarda ya saki. Toshiba ta fitar da na'urarta a Japan a ƙarshen Maris 2006, a Amurka kuma a Afrilu. Na'urar Blu-ray ta farko a Amurka, ta kamfanin Samsung, ta biyo baya a watan Yuni a kan kusan dala 1,000.

Tsofaffin masu saye sun tuna da wani rikici makamancin wannan. Sony ta fitar da kaset ɗin bidiyo na Betamax a 1975, JVC ta fitar da VHS a 1976. Mutane da yawa suna ganin hoton Betamax ya ɗan fi kyau, amma kaset ɗinsa na farko awa ɗaya yake ɗauka, na VHS kuwa awa biyu, kuma JVC ta sakar wa kamfanoni da dama izinin ƙera na'urarta. Masu ba da hayar kaset suka karkata ga VHS, jama'a suka bi su. A 1988 Sony da kanta ta fara ƙera VHS. Shi ya sa lokacin da harkar finafinan bidiyo ta tashi a Kano da Ikko a farkon shekarun 1990, a kan VHS ta tashi. An riga an gama faɗan a wata ƙasa kafin a zo nan.

An Raba Finafinai Gida Biyu

Na'urar kunna faifai ba ta da wani amfani a karan kanta. Ba kamar tukunya ko fitila take ba, waɗanda ko masana'antarsu ta rufe za a ci gaba da morarsu. Darajarta tana rataye ne ga faifan da za a sa mata, faifai kuwa yana hannun kamfanonin shirya finafinai. Wannan shi ne ginshiƙin dukan darasin.

A shekarar 2007 kamfanonin Sony Pictures da Disney da Fox da Lionsgate ba sa buga sabon faifai sai a Blu-ray. Universal ba ya bugawa sai a HD DVD. Warner da Paramount suna bugawa a duka biyu. A kanti ana gane su da launin gidan faifai: na HD DVD ja, na Blu-ray shuɗi. Mai na'urar Toshiba zai sami King Kong, ba zai sami Casino Royale ko finafinan yara na Disney ba. Mai Blu-ray kuma akasin haka. A watan Agusta 2007 Paramount da DreamWorks Animation suka koma HD DVD kaɗai, kuma jaridu suka ba da labarin cewa an yi musu alkawarin abin da ya kai dala miliyan 150 a kan haka. Sakamakonsa, fim ɗin Transformers ya fito a jan gida kawai a wannan shekara. Ya kamata a lura da ma'anar wannan ga talaka mai saye: makomar na'urar da ke falonsa ana yanke ta ne a ofisoshin da ba shi da wakili, bisa yarjejeniyar da ba za a nuna masa ba.

Akwai wani abu kuma da ya karkatar da sikeli. A watan Nuwamba 2006 Sony ta fitar da na'urar wasa ta PlayStation 3, ta dasa mata makunnin Blu-ray a ciki. Duk yaron da aka saya wa na'urar wasa, gidansu ya sami makunnin Blu-ray ko da ba a yi niyya ba. Microsoft tana goyon bayan HD DVD, amma ba ta sa shi a cikin Xbox 360 ba, sai ta sayar da shi daban a kan dala 199 ga wanda ya ga dama. Zuwa farkon 2008 an sayar da PlayStation 3 sama da miliyan 10 a duniya. Ba dukan masu ita ke sayen faifan fim ba, amma ko kaɗan daga cikinsu sun isa. A tsawon 2007, cikin kowane sabon faifai uku da aka sayar a Amurka, kimanin biyu Blu-ray ne.

Lissafin Mai Saye

A ɗauki misalin wani magidanci a wannan Jumma'a ta Nuwamba. Ya riga ya sayi babbar talabijin, yana son ya ga amfaninta. Ga na'urar Toshiba dala 99. Mafi arahar hanyar samun Blu-ray a lokacin tana neman kusan dala 400. Bugu da ƙari, Toshiba tana ba da gyara: wanda ya aika da shaidar saye ta gidan waya, za a turo masa finafinai biyar kyauta daga cikin wani jeri. Sabon faifai ɗaya kuwa yana kaiwa wajen dala 30. Idan an lissafa gyaran kaɗai, ya fi kuɗin na'urar.

Har ila yau na'urar tana kunna tsofaffin faifan DVD, tana kuma ɗan gyara hotonsu don ya dace da babbar talabijin. Mutumin zai iya cewa a ransa: ko HD DVD ya mutu gobe, ai ya sami makunnin DVD mai kyau a kan dala 99. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ba a yi adalci ba idan aka ce duk wanda ya saya a ranar wauta ya yi. Akwai ma abubuwan da HD DVD ya fi abokin gasarsa a lokacin. Tun farko kowace na'urarsa tana da mahaɗin intanet, tana iya nuna ƙaramin hoto a cikin babba, kuma faifansa ba a kulle shi ga yanki ɗaya na duniya ba. Na'urorin Blu-ray na farko da yawa ba su da waɗannan, har waɗansu da suka biya dala 1,000 suka tarar daga baya cewa na'urarsu ba ta iya buɗe wasu sassan sababbin faifai.

Amma haɗarin ba a cikin dala 99 yake ba. Yana cikin abin da zai biyo baya. Mutumin da ya sayi na'ura ba zai zuba mata ido ba, zai sayi faifai. Faifai goma dala 300 ne, ashirin dala 600. Waɗannan ba sa shiga na'urar Blu-ray, ba sa shiga makunnin DVD, in ban da waɗansu da aka buga da fuska biyu, ɗaya DVD ɗaya HD DVD. Ranar da na'urar ta lalace, idan babu mai ƙera irinta, dukan tarin ya zama kayan ado. Watau arahar na'ura ƙofa ce kawai, babban kashe kuɗi yana cikin ɗaki. Wanda ya sayi na'urar ya tsaya ga gyaran da aka ba shi da faifan haya, asararsa ba ta taka kara ta karya ba. Wanda ya tara faifai hamsin shi ne ya sayi kifi a ruwa.

Akwai ƙananan abubuwa kuma da tallar ba ta faɗa da ƙarfi ba. Na'urar da aka karya wa farashi, mai lamba HD-A2, ba ta fitar da hoto a mafi cikar tsarin layuka 1080. Wannan sai 'yan'uwanta masu tsada. Finafinan kyauta ba mai saye ke zaɓar duk wanda ransa ke so ba, kuma sai an jira makonni kafin su iso. Masu kuɗi suna da hanya ta uku, domin LG ta fitar da na'ura mai kunna faifai iri biyu a farkon 2007, amma a kan kusan dala 1,200, wanda ya fi kuɗin sayen guda biyu daban daga baya. Hanya ta huɗu ita ce haƙuri, kuma mafi yawan jama'ar Amurka ita suka bi: suka ci gaba da kallon DVD ɗinsu har ƙura ta lafa.

Rangwame Ba Iri Ɗaya Ba Ne

Ɗan kasuwa ba ya karya farashi don tausayi. Wani lokaci sabon samfuri ne ya iso, ana son a share wa kanta wuri. Wani lokaci kamfani ne ke sayar da kaya da faɗuwa da gangan don ya cika gidaje da na'urarsa, ya nuna wa masu finafinai cewa jama'a na wajensa. Wani lokaci kuma kaya ne ya kusa yin kwantai, ana gudun kada ya mutu a hannu. A takardar farashi duka ukun kamanninsu ɗaya.

Rangwamen Nuwamba 2007 ya haɗa na farko da na biyu. Samfurin HD-A3 ya riga ya fito don ya gaji HD-A2, kuma Toshiba tana neman adadi da za ta nuna kafin ƙarshen shekara. Mai lura zai iya ganin wasu alamu a gefe. Tun watan Yuni kamfanin hayar faifai na Blockbuster ya ce a shagunansa da dama Blu-ray kaɗai zai riƙa ajiyewa. Kuma kusan Toshiba ce kaɗai ke ƙera makunnin HD DVD, alhali Blu-ray yana da Sony da Samsung da Panasonic da Pioneer da Sharp. Ita kanta arahar ta taimaka wajen haka, domin babu kamfanin da zai shiga kasuwar da mai ita ke sayarwa da faɗuwa. Idan aka ga kamfani ɗaya tilo yana riƙe da tsari, ranar da ya gaji, tsarin ya ƙare.

Yadda Ta Kaya

Ranar 4 ga Janairu 2008, ana gab da buɗe babban baje kolin kayan lantarki na shekara-shekara a Las Vegas, Warner ya ba da sanarwar cewa daga ƙarshen watan Mayu Blu-ray kaɗai zai riƙa bugawa. Warner na cikin mafi girman masu sayar da faifai a Amurka. Ƙungiyar masu goyon bayan HD DVD ta soke taron manema labarai da ta shirya a wajen baje kolin. Masu na'urar dala 99 a lokacin wata biyu kacal suka yi da ita.

Toshiba ta amsa da wani rangwame. A tsakiyar Janairu ta mai da HD-A3 dala 150, rabin kuɗinta na da, ta kuma sayi lokacin talla a wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka a farkon Fabrairu, wanda shi ne mafi tsadar talla a ƙasar. Wanda ya tsaya gaban kanti a wannan karo lissafinsa ya sha bamban da na mutumin Nuwamba. Shi wancan yana cikin rashin sani na gaskiya. Wannan kuwa labari yana cikin kowace jarida, kuma rangwamen ya koma iri na uku. Duk da haka an sami masu saye, waɗansu don ba su ji labari ba, waɗansu don makunnin DVD suke nema.

Ranar 11 ga Fabrairu kamfanin Netflix, wanda a lokacin babban aikinsa aika faifan haya ta gidan waya ne, ya ce zai daina sayen HD DVD. A rana guda Best Buy ya ce zai riƙa shawartar masu saye su ɗauki Blu-ray. Ranar 15 ga wata Walmart, wanda ya yi gwanjon Nuwamba, ya ce zai janye HD DVD daga kantunansa zuwa watan Yuni. Ranar 19 ga Fabrairu 2008 shugaban Toshiba, Atsutoshi Nishida, ya tsaya gaban manema labarai a Tokiyo ya ce kamfanin ya daina ƙera na'urorin. Universal da Paramount suka koma Blu-ray cikin 'yan kwanaki, Microsoft ta daina ƙera nata makunnin. An sayar da na'urorin HD DVD kimanin miliyan ɗaya a duniya baki ɗaya, kuma an ƙiyasta asarar Toshiba ta doshi dala biliyan ɗaya.

Masu saye ba su tashi hannu rabbana gaba ɗaya ba. Best Buy ya ba waɗanda suka sayi na'ura a wajensa takardar sayayya ta dala 50, Amazon ma ya yi makamancin haka, kantunan Circuit City kuma suka tsawaita wa'adin mayar da kaya. A 2009 Warner ya buɗe wani shiri na musanya, inda mai faifan HD DVD na kamfanin zai biya kusan dala 5 a kan kowane ɗaya, ban da kuɗin aikawa, a turo masa na Blu-ray. Abin lura shi ne duk wannan kyautatawa ce ta 'yan kasuwa masu son riƙe abokan ciniki. Na'urar ba ta lalace ba, tana aikin da aka ce za ta yi, saboda haka garanti bai shafi mutuwar tsari ba. Kuma wanda ya fi saurin amfana shi ne wanda ya adana rasit, ko wanda sunansa ke rubuce a littafin kanti. A ƙarshen 2009 Toshiba da kanta ta fitar da makunnin Blu-ray.

Shi ma wanda ya yi nasara bai ci ganimar da ya zata ba. Tun Janairu 2007 Netflix ya fara tura finafinai ta intanet, kuma cikin shekaru goma wannan hanya ta janye mafi yawan masu kallo. Blu-ray bai taɓa kai yaɗuwar DVD ba. Samsung ya daina fitar da sababbin makunnan Blu-ray a Amurka a 2019, Best Buy kuma ya daina sayar da faifan fim a 2024.

Ga Masu Sayen Kayan Gwanjo

Wannan faɗa bai taɓa kasuwannin Nijeriya sosai ba, domin a shekarun da ake yinsa faifan VCD da DVD ne ke ci a Alaba da Ƙofar Wambai. Amma kayan lantarki na hannu daga Turai da Amurka suna shigowa ta tashoshin jiragen ruwa na Ikko, kuma abin da ya yi kwantai a can yakan iya ɓullowa a nan da sunan sabon abu. Wanda ya ga makunnin faifai na gwanjo ya kamata ya duba tambarin da ke gabansa. HD DVD ba ƙarin kirari ba ne ga DVD, sunan wani tsari ne daban, wanda manyan kamfanonin fim suka daina buga wa faifai tun 2008, kuma ba ya kunna Blu-ray.

Ya kamata kuma a juya bayan na'ura a karanta ƙarfin wutar da take ɗauka. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, ta Nijeriya 230. Na'urar da aka yi don Amurka kaɗai za ta ƙone idan aka jona ta ba tare da abin rage ƙarfin wuta ba. Faifan DVD an raba shi yankuna, Amurka tana yanki na 1, Nijeriya tana na 5. Blu-ray kuma yankuna uku gare shi, Amurka tana A, Afirka da Turai suna B. Na'urar da aka kulle ga yankin Amurka tana iya ƙin faifan da aka saya a nan. Hanya mafi sauƙi ita ce mai saye ya tafi kasuwa da faifai biyu ko uku daga cikin nasa na gida, a kunna su a gabansa kafin ya taya.